Alƙahira ko Kwala Lumfur: Yadda zaman ɗalibi yake a Masar da Malesiya

Tun daga ranar 15 ga Afrilun 2023 da yaƙi ya ɓarke a Khartum, babban birnin Sudan, aka yi ta kwaso ɗalibai a motocin bas zuwa iyakar Masar da kuma tashar Port Sudan, ƙofar da iyalai da dama suka saba bi wajen tura 'ya'yansu karatu ta rufe. Bayan wata biyu kuma gwamnatin Najeriya ta saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, abin da ya ƙara wa Ingila da Amurka nisa ga mai matsakaicin ƙarfi. Shi ya sa idan aka zauna shawarar inda za a tura yaro, ko malamin makaranta ya samu tallafin yin digiri na biyu ko na uku, ba a daɗewa ba a ambaci Masar ko Malesiya ba. A ƙasashen biyu Musulmi ne suka fi yawa, ana jin kiran salla, kuma kuɗin makaranta bai kai na Turai ba. Iyaye sukan tsaya a nan su ɗauka duk ɗaya ne, sai dai a duba wadda ta fi araha. Amma sa'o'in da ɗalibi yake yi a aji kaɗan ne cikin yini, sauran kuwa yana yin su ne a layin ofishin shige da fice, da cikin mota, da wurin cefane, da gaban mai gidan haya, kuma a waɗannan wuraren ne ƙasashen biyu suka yi hannun riga.

Abu na farko da ya kamata a auna shi ne nisa, domin shi ne tsadar da ba a rubutawa a takardar shiga jami'a. Kamfanin jiragen saman Masar yana tashi kai tsaye daga Kano da Abuja da Legas zuwa Alƙahira, kuma daga Kano tafiyar kimanin sa'o'i biyar ce. Bambancin agogo sa'a ɗaya ne, ya koma biyu a watannin zafi tun da Masar ta dawo da tura agogonta gaba a 2023. Ma'anar wannan ita ce ɗalibi zai iya kiran mahaifiyarsa bayan magariba su yi hira ba tare da wani ya hana idonsa barci ba, kuma idan aka yi rasuwa ko babban biki, zuwa gida abu ne mai yiwuwa ga wanda yake da kuɗin tikiti. Malesiya kuwa ba ta da jirgi kai tsaye daga Najeriya ko Nijar. Dole a ya da zango a Doha ko Addis Ababa ko Istanbul ko Dubai, kuma idan aka haɗa da jira, tafiyar takan cinye yini guda cur ko kusa da haka. Agogonta yana gaba da namu da sa'o'i bakwai, wato lokacin da mutanen gida suka idar da sallar isha'i suka samu sukunin waya, shi ɗalibin yana tsakiyar barcin ƙarfe uku na dare. Wanda ya tafi Malesiya ya shirya ransa cewa zai iya yin shekara biyu ko uku bai taka gida ba. Babban mutum mai iyali a tare da shi zai iya jure wannan, amma yarinya ko yaro ɗan shekara 18 da bai taɓa yin wata guda a wajen gida ba, wannan nauyi ne da bai kamata a raina ba.

Sai harshe, wanda shi ne ya fi yaudarar mutane. Wanda ya yi sakandaren Islamiyya, ya haddace Alfiyya, yana jin cewa idan ya sauka a Masar ya zo gida, sai direban tasi na farko ya yi masa magana ya kasa kama ko kalma ɗaya. Larabcin titin Alƙahira, wanda ake kira ammiyya, yana mayar da harafin jimun ya zama "g", yana haɗiye ƙafun, kuma yana da kalmominsa da babu su a littattafan nahawu. Ko sunan kuɗin ƙasar, junaihi, "gine" ake cewa. Wasu malaman jami'a ma da ammiyyar suke bayani a aji. Ga ɗalibin likitanci abin ya fi muhimmanci, domin ko da yake da Turanci ake koyar da darussa, mara lafiyar da zai yi wa tambayoyi a asibitin koyarwa ammiyya kawai yake ji. Sai dai wahalar 'yan watanni ce, kuma ribarta tana da yawa: wanda ya zauna Alƙahira shekara huɗu da kunne a buɗe yakan dawo da Larabci iri biyu a bakinsa. A Malesiya rayuwa tana tafiya da Turanci a jami'a, da banki, da asibiti, da manyan kantuna, musamman a Kwala Lumfur da kewayenta. Ɗalibin Najeriya yana iya sayen abinci da shiga jirgin ƙasa tun ranar da ya sauka, ya gama digirinsa bai san abin da ya wuce gaisuwa da godiya a harshen Malay ba. Sauƙi ne, amma sauƙi mai hana shiga jama'a, domin da yawa suna dawowa ba su da aboki ko ɗaya ɗan ƙasar. Ɗalibin Nijar da ya taso da Faransanci da Larabci kuwa lissafinsa ya juya: Masar za ta fi masa sauƙi, Malesiya kuma za ta buƙaci ya fara da kwas ɗin Turanci ko ya kawo sakamakon jarrabawar IELTS ko makamanciyarta.

A wajen takardun zama, bambancin ya zama na hali biyu daban. Malesiya ta tattara al'amarin ɗaliban waje a hannun hukuma ɗaya mai suna EMGS. Jami'a ce take shigar da takardu, hukumar ta tantance, a fitar da wasiƙar amincewa da biza, sannan ɗalibi ya tashi. Cikin kwana bakwai da sauka dole a yi masa gwajin lafiya a asibitin da aka amince da shi, ana duba cututtuka irin su tarin fuka da ciwon hanta da ƙanjamau da kuma alamun ƙwaya a fitsari, kuma wanda aka samu bai cika sharaɗi ba yana iya komawa gida bayan ya riga ya biya kuɗin jirgi da na rajista. Saboda haka hikima ita ce mutum ya yi waɗannan gwaje-gwaje a gida tun kafin ya kashe ko sisi, musamman na hanta, wanda mutane da yawa suke ɗauke da shi ba su sani ba. Takardar zaman ɗalibi tana ɗaure da makarantar da ta kawo shi, ana sabunta ta, kuma ga masu digiri na farko ana duba halartar aji, wadda ake so ta kai kashi 80 cikin 100, da kuma matsakaicin makin jarrabawa (CGPA) da bai gaza 2.0 ba. Tsarin yana da tsauri kuma yana cin kuɗi, ga inshorar lafiya ta dole a kai, amma ana iya bin diddigin takarda ta intanet a san inda ta tsaya.

A Masar kuwa iƙama, wato izinin zama, jarrabawar haƙuri ce. Tsofaffin ɗalibai suna ba da labarin katafaren ginin Mugamma da ke dandalin Tahrir, inda ake sammako don kama layi. Tun 2019 aka mayar da ofishin fasfo unguwar Abbasiyya, amma har yanzu aikin yana buƙatar takardar shaida daga kwaleji, da hotuna, da kwafi a kan kwafi, da tambari daga wannan taga zuwa waccan. Kalmomi biyu da sabon ɗalibi yake fara koya su ne "bukra", wato gobe, da "ma'alesh", wato a yi haƙuri. Mai son shiga jami'ar Azhar kuma yana da wani mataki kafin wannan: idan takardarsa ta sakandare ba ta cikin waɗanda Azhar ta daidaita da nata, sai an yi masa jarrabawar tantance matsayi a sa shi a ajin koyon Larabci ko a makarantar share fage ta ɗaliban waje, kuma hakan yana iya ƙara shekara ko fiye a kan lissafin da iyaye suka yi. Abin da yake sauƙaƙa duk wannan shi ne yawan 'yan'uwa. Da wuya sabon zuwa ya rasa wanda zai riƙe hannunsa ya kai shi tagar da ta dace.

Game da kuɗin rayuwa, amsar gajeriya ita ce Alƙahira ta fi araha, amma arahar ba ta da tabbas. A farkon 2022 dala ɗaya ba ta kai fam 16 na Masar, wato junaihi, ba. A Janairun 2023 ta kai wajen 30. Ranar 6 ga Maris ɗin 2024 aka sake sakin fam ɗin, ya faɗi zuwa kusan 50. Hauhawar farashi ta kai kashi 38 cikin 100 a Satumbar 2023. Ga wanda ake aiko wa dala, faɗuwar fam tana rage masa raɗaɗi, sai dai farashin kaya yakan biyo baya da gudu, kuma kuɗin makarantar ɗaliban waje a fannoni irin su likitanci da injiniya da kuɗin waje ake ƙayyade shi, don haka faɗuwar fam ba ta taɓa shi. Kwararowar mutanen Sudan bayan yaƙi ta kuma ɗaga kuɗin haya a unguwannin da baƙi suka fi zama. Ringit ɗin Malesiya kuwa tun 2016 yana kai-kawo ne tsakanin wajen 4 da ƙasa da 5 a kan dala, saboda haka uba zai iya ƙiyasta abin da zai riƙa aikawa duk wata ba tare da lissafin ya rushe masa a rana ɗaya ba, ko da yake adadin ya fi na Masar. Ga 'yan Nijar, da sefarsu take ɗaure da yuro, ɓangare ɗaya na matsalar ya ragu. Ga 'yan Najeriya kuwa naira ce babbar damuwa duk inda aka je.

Kada wani ya tafi ɗaya daga cikin ƙasashen nan da niyyar zai yi aiki ya riƙe kansa. Iƙamar ɗalibi a Masar ba ta ba da izinin aiki ba, albashin ƙananan ayyuka kuma bai taka kara ya karya ba. Malesiya ta yarda da aikin sa'o'i 20 a mako, amma a lokacin hutun zango ko hutun da ya wuce kwana bakwai kawai, a wurare ƙayyadaddu irin su gidan abinci da gidan mai da ƙaramin kanti da otal, kuma sai da amincewar hukumar shige da fice. Wannan ba abin da za a gina kasafin shekara uku a kansa ba ne.

Abinci kuwa nan ne na ga ya kamata a ɗan tsaya, domin ciki ba ya jin lallashi. Abincin talakan Masar yana kusa da abin da Bahaushe ya sani: wake dafaffe da ake kira ful, da ɗa'amiyya wadda 'yar'uwar ƙosai ce, da gurasar baladi, da koshari, wanda haɗin shinkafa da taliya da adas da soyayyar albasa ne da miyar tumatir, mai cika ciki da ɗan kuɗi kaɗan. Akwai kuɓewa, akwai mulukiyya wadda ita ce lalo, akwai zoɓo da suke kira karkade, ga tumatir da albasa da lemo a wadace a kasuwa. Abin da zai rasa shi ne yaji, don girkin Misirawa ba shi da zafi, da kuma arahar nama. Ba ya kuma buƙatar tambayar halaccin abin da aka yanka a yawancin wurare. A Malesiya shinkafa ce safe da rana da dare, kuma kusan komai yana da zaƙi ko madarar kwakwa ko ƙamshin busasshen jatan lande da aka niƙa. Nasi lemak, abincin safensu, shinkafa ce da aka dafa da madarar kwakwa, a haɗa da miyar barkono mai zaƙi-zaƙi da ƙananan kifi da gyaɗa da ƙwai. Wasu sukan so shi tun ranar farko, wasu kuwa sai sun yi wata biyu suna rayuwa a kan burodi da shayi. Mafakar yawancin ɗalibanmu ita ce shagunan Musulmi 'yan asalin Indiya da ake kira mamak, waɗanda da yawansu ba sa rufewa dare da rana, inda ake samun roti canai da miyar kori da shayin madara. Kasancewar ƙasar ta haɗa Malay da 'yan asalin Sin da Indiya, dole mutum ya saba da duba tambarin halal na JAKIM, hukumar kula da harkokin Musulunci ta ƙasar, kuma manyan kantuna suna ware sashe na musamman ga naman alade da giya. Duk inda za a je, jakar da aka cika da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da garin yaji ta fi jakar tufafi amfani, sai dai mai tafiya Malesiya ya sani cewa babu wanda zai zo masa da ƙari bayan wata uku kamar yadda ake samu a hanyar Kano zuwa Alƙahira, kuma kilishi da sauran nama suna iya tsayawa a hannun jami'an filin jirgi.

A wajen masauki, ɗaliban Azhar da suka samu gurbin tallafi suna zama a Madinatul Bu'us, unguwar kwanan ɗaliban waje da ke kusa da Abbasiyya, inda ake ba da ɗaki da abinci. Sauran suna haɗa kuɗi su kama gida a Madinat Nasr, musamman Hayyul Ashir da ta yi suna da 'yan Afirka da 'yan Asiya, ko a Darrasa kusa da masallacin Azhar ga masu son zaman darasin malamai. Ana bi ta hannun dillali, a biya kuɗin ajiya, sannan a koyi zama lafiya da mai gadin bene, wanda ya san shigar kowa da fitarsa. Jami'o'in gwamnatin Malesiya kuwa yawancinsu suna da ɗakunan kwana a cikin harabarsu. A Jami'ar Musulunci ta Ƙasa da Ƙasa da ke Gombak, wadda aka kafa a 1983, ana kiransu mahalla, maza daban mata daban. Mai iyali da zai kama gida a waje ya tanadi kuɗin wata uku da rabi a karon farko, domin al'adar can ita ce ajiyar wata biyu, da hayar wata ɗaya, da rabin wata na wuta da ruwa. Malesiya tana ba masu digiri na biyu da na uku damar ɗauko mata da 'ya'ya da takardar zama ta iyali, kuma wannan yana cikin dalilan da suka sa malaman jami'o'inmu suke son ta. Wutar lantarki a can ba ta cika yankewa ba, alhali Masar ta yi fama da ɗauke wuta bisa jadawali a 2023 da 2024. Wani ɗan ƙaramin abu kuma: soket ɗin Malesiya mai ƙafa uku ne irin na Najeriya, na Masar mai ƙafa biyu zagayayyu irin na Nijar.

Akwai maganar da ba a cika faɗa wa iyaye ba, ita ce yadda ake kallon baƙar fata. A titunan Alƙahira ɗalibi zai ji yara, wani lokaci har da manya, suna jifansa da kalmomi irin su "samara" ko "shokolata", kuma ɗalibai mata suna ƙorafin tsangwama a cikin cunkoso. Abin a fili yake, da ƙara, sai dai kuma Bamisiren da ya tsokane ka yau yana iya zama wanda zai tsaya maka gobe idan wani ya nemi cutar ka. A Malesiya da wuya a yi wa mutum ihu a titi, mutanen suna da kunya da sanyin murya, amma laifuffukan damfara da safarar ƙwaya da wasu 'yan Afirka suka aikata sun shafa wa fasfo ɗin Najeriya baƙin fenti. Mai gida yana iya amincewa a waya, ya ga fuska ya ce an riga an kama ɗakin, kuma jami'an shige da fice suna kai samame gidajen da baƙi suka yi yawa, don haka yawo da shaidar zama ya zama dole. Dokar ƙwaya a can tana kaiwa ga hukuncin kisa. A 2023 an cire tilascin yanke shi, amma hukuncin yana nan a doka. Duk wanda ya ce a riƙe masa ƙunshi a filin jirgi, ko ɗan garinku ne, amsar ita ce a'a.

Zirga-zirgar yau da kullum a Alƙahira, birnin da ya haura mutum miliyan 20 idan aka haɗa da kewayensa, tana buƙatar ƙarfin zuciya. Jirgin ƙarƙashin ƙasa da aka buɗe a 1987, na farko a Afirka, yana da layi uku, yana da sauri da araha, tikitinsa ya koma fam 8 zuwa 20 a Agustan 2024, kuma akwai taragun da aka keɓe wa mata a tsakiyar jirgin. Amma bai shiga kowace unguwa ba, don haka mazaunin Hayyul Ashir ƙananan motocin bas ne abin hawansa, inda ake miƙa kuɗin mota hannu da hannu har ya isa ga direba, kuma dole ka ɗaga murya idan ka zo sauka. Tsallaka babban titi ma sai an koya. Kwala Lumfur tana da jiragen ƙasa na cikin gari masu sanyi da tsafta, ana biya da katin Touch 'n Go. Layin Kelana Jaya yana ƙarewa a Gombak, layin Putrajaya kuma yana da tasha a jami'ar UPM da ke Serdang. Inda jirgi bai kai ba sai a kira mota ta manhajar Grab. Sai dai a lura cewa ba duk jami'o'in ke babban birni ba: UUM tana Sintok can kusa da iyakar Tailan, cikin daji, UTM tana Skudai a jihar Johor, USM tana tsibirin Penang. Mai iyali a irin waɗannan wurare yakan ƙare da sayen tsohuwar mota, kuma a can ta hannun hagu ake tuƙi.

Yanayi yana ba mutane mamaki ta ɓangarorin biyu. Zafin Alƙahira a Yuli da Agusta busasshe ne, wanda ya saba da bazarar Sakkwato ko Zinder ba zai ji shi baƙo ba, amma sanyin Disamba zuwa Fabrairu, da yakan sauka ƙasa da digiri 10 da dare a gidajen da aka shimfiɗa wa tayil ba tare da abin ɗumama ɗaki ba, ya fi hunturun gida shiga ƙashi. Malesiya ba ta san hunturu ba: zafi da gumi ne duk shekara, ruwan sama a Kwala Lumfur yana haura milimita 2,000, takalmin fata da littafi suna yin fumfuna a ɗaki. A nan akwai gargaɗi ɗaya mai muhimmanci. Mun saba duk zazzaɓi mu ce na cizon sauro ne mu sha maganin maleriya, alhali a biranen Malesiya zazzaɓin dengi ne ya fi yawa, wanda wani sauro mai cizo da rana yake yaɗawa, kuma maganin maleriya ba ya yi masa komai. Asibiti ake zuwa a gwada jini.

Ta fuskar addini, Alƙahira tana da abin da Malesiya ba za ta iya bayarwa ba. Alaƙar yankinmu da ita tsohuwa ce: tun ƙarni na 13 mutanen Kanem suka gina makarantar Malikiyya a birnin don ɗalibansu da alhazansu, kuma a masallacin Azhar akwai sashen da aka san shi da sunan Barnawa. Har yau ana zaman karatu kyauta a masallacin da zaurukan da ke kewaye da shi, ga shagunan littattafai a lungunan bayansa, ga baje kolin littattafai na duniya da ake yi a ƙarshen Janairu tun 1969. A watan azumi ana shimfiɗa teburan buɗa-baki a tituna ga duk mai wucewa. Malesiya kuwa tana ba da nutsuwar ibada cikin tsari: kusan kowane kanti da tashar mota da gidan mai yana da ɗakin salla mai wurin alwala, wanda suke kira surau. Mazhabar Shafi'iyya ake bi, don haka Bamalike zai ji ana bayyana Bisimilla, ana yin alƙunutun asuba a bayyane bayan ruku'u. Azumi kusan sa'o'i 13 ne a kowace shekara saboda kusancin ƙasar da tsakiyar duniya. Mai sha'awar wa'azi kuma ya sani cewa koyar da addini a bainar jama'a yana buƙatar izini daga hukumar addinin jihar.

Yawon buɗe ido a lokacin hutu yana da daɗi a duka biyun, amma fasfo yana taƙaita shi. Daga Alƙahira ana zuwa Iskandariyya a jirgin ƙasa cikin kimanin sa'o'i uku, ana kwana a hanya zuwa Luksor da Aswan, dalar Giza kuwa a bakin gari take, kuma katin ɗalibi yana rage kuɗin shiga wuraren tarihi. Jidda tafiyar kimanin sa'o'i biyu ce a jirgin sama, abin da ya sa umara take kusa. Daga babbar tashar motoci ta TBS a Kwala Lumfur ana isa tsohon birnin Malaka cikin sa'o'i biyu, ana hawa tsaunukan Cameron inda ake noman shayi a sha iska mai sanyi, ana kuma bin jirgin ƙasa mai lantarki zuwa Ipoh da gaɓar Penang. Hotunan da ake gani na ɗalibai suna tsallakawa Singafo ko Tailan a ƙarshen mako yawanci na masu wani fasfo ne. Ɗan Najeriya yana buƙatar biza ga kowacce, kuma Tailan tana neman takardar wanke kai daga NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta Najeriya.

Idan aka tambaye ni, ga yadda zan raba. Mai neman Larabci ko shari'a ko usuluddini ba shi da dalilin wuce Alƙahira, domin rabin karatunsa a wajen aji yake. Matashin da zai yi likitanci ko haɗa magunguna, wanda iyayensa suke son su riƙa ganinsa duk shekara, shi ma Masar ta fi dacewa da shi, muddin an tanadi kuɗin makaranta na dukan shekarun da dala ba da naira ba, kuma an samo masa amintattun abokan zama tun kafin ya tashi. Malamin da yake da tallafi tabbatacce, zai yi bincike a injiniya ko kwamfuta ko harkar kuɗi ta Musulunci, yana so ya tafi da iyalinsa ya samu wuta da intanet da ɗakin karatu ba tare da faɗi-tashi ba, Malesiya ce tasa. Wanda kuɗinsa ba su da tabbas kuwa, Malesiya ta fi haɗari gare shi, domin bashin kuɗin makaranta yana hana sabunta takardar zama, zama ba takarda laifi ne, tikitin dawowa kuma yana da tsada.

Kafin a biya ko kwabo ga wani wakili, a tabbatar jami'ar da kwas ɗin suna cikin waɗanda hukumomin gida suka amince da su. Ɗan Najeriya da ya yi karatu a waje sai Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta tantance takardarsa kafin ya shiga bautar ƙasa, wanda ya karanta likitanci kuma, daga Alƙahira ya dawo ko daga birnin Kuantan na Malesiya, sai ya ci jarrabawar MDCN, hukumar kula da aikin likitoci ta Najeriya, kafin a ba shi lasisin duba mara lafiya.